Makulli na Goma Sha Ɗaya

Litinin a Tartu. Ƙarfe uku da rabi rana ta tattara nata ta tafi.
Kogin Emajõgi ya fara daskarewa daga gefe,
ni kuwa ina kan kujerar Endel
wadda har yau ba ta manta siffar bayansa ba.

Ya koma tsibiri kiwon zuma.
Abin da ya bar mini: kofi mai tsagaggen baki,
da takarda guda, rubutu kamar tafiyar tururuwa:
"Kertu, magina bakwai ne, ki ƙirga su kullum da safe.
Kada ki ba kowa makullin da ya fi ƙofarsa girma."

Magina! Ba su da hannu, ba su da gumi.
Uku na gurnani a ɗakin ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gida,
biyu haya ne a Frankfurt, ɗaya a Helsinki,
na bakwai ban san inda yake kwana ba.
Sabar ce uwar ɗakinsu:
ba ta ɗaga bulo ko ɗaya,
ita dai ta karɓi abin da masu rubuta manhaja suka turo,
ta gutsuttsura, ta ce kai ɗauki wannan, kai riƙe wancan,
kafin shayi ya huce gini ya tashi.

Na buɗe shafin makullai.
Ba ƙarfe ba ne, haruffa arba'in ne a jere
da ba sa furtuwa a kowane harshe.
Sau ɗaya tak ake nuna maka shi,
in ka kau da kai ka rasa shi har abada.
Goma suna da suna, suna da ranar mutuwa.
Na goma sha ɗaya ba suna, ba wa'adi,
shekara huɗu yana buɗe kowace ƙofa.

Na ce yau zan nuna ni ma na iya.
Na danna. Allo ya tambaye ni, kin tabbata?
Sabon hannu ai kullum ya tabbata.

Na tafi gida ina taka ƙanƙara da ƙarfi.

Biyu saura na dare waya ta yi kuka.
Vahur ne, murya duk barci:
ginin dare ya tsaya,
ayyuka ɗari biyu da sittin sun yi layi
kamar masu jiran bas a tashar da aka rufe.
Na bakwai yana ta ƙwanƙwasawa,
duk daƙiƙa talatin ya yi sallama,
sabar ta ce ban san ka ba.

Na dawo da takalmi a kan safar barci.
Na bi waya da tocila, ina rarrafe,
har ƙarƙashin teburin Piret.
Ga shi nan. Tsohon akwati mai ruwan toka,
ta ɗora masa tukunyar fure,
shi kaɗai ya iya ginin tsofaffin injunan awo
da wani asibiti bai daina amfani da su ba.
Na taɓa shi. Da ɗumi, kamar goshin yaro.

Na yanka masa sabon makulli daidai ƙofarsa,
ya ɗauki aiki, ya mayar da sakamako, shi ke nan.
Na sa masa kwana casa'in, na raɗa masa suna:
Ƙarƙashin Furen Piret.
Ja ya koma kore, ɗaya bayan ɗaya,
layin ya fara motsi.

Ban kira Endel ba. Zuma ma na barci a wannan watan.
Na juya takardarsa, na rubuta a baya,
don wanda zai gaji kujerar nan wata rana:
"Kafin ka kashe makulli, nemo ƙofar tukuna."

Sai na wanke kofin,
na ƙirga su. Bakwai.
Na sake ƙirgawa.